Tun Bai Taɓa Riƙe Allura Ba Ake Ce Masa Likita

A Garaku, ranar da labari ya bazu cewa yaro ya samu gurbin karatun likitanci, sunansa na yanka ya tafi hutu ke nan. Mai shayin bakin titin Keffi zuwa Akwanga, da 'yan acaɓan tasha, da dattawan da ke zama ƙofar masallaci bayan la'asar, kowa "Likita" zai riƙa ce masa. Idan yarinya ce, uwarta ta koma "Maman Dokta" tun ba a sayi akwatin tafiya ba. Rabi wasa ne, rabi addu'a. Yaron yakan sunkuyar da kai yana murmushi, don bai san nauyin kayan da aka aza masa ba tukuna.

Ba a rasa dalilin wannan ɗoki. Garaku ce hedikwatar ƙaramar hukumar Kokona a jihar Nasarawa, tana da babban asibitinta, amma idan haihuwa ta zo da gardama, ko mota ta kife a wannan titi da direbobi ba sa jin tsoronsa, sau da yawa Keffi ake nufa, Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya. Da wuya ka sami gidan da wani nasu bai taɓa kwana a barandar asibiti yana jiran mai farar riga ya fito ya ce wani abu ba. Hoton da yaro ke tafiya jami'a da shi ke nan: farar riga, abin sauraren ƙirji rataye a wuya, mutane na gyara tsayuwa in ya shigo. Hoton ba ƙarya ba ne, amma na shekara ta bakwai ne ko ta takwas. Na shekarar farko babu wanda ya nuna masa.

Can baya sai ɗan Nasarawa ya bar jihar, ya nufi Jos ko Zariya ko Maiduguri, kafin ya karanta likitanci. Yanzu akwai Jami'ar Bingham a Karu, wadda ɗalibanta ke komawa asibitin koyarwarta na Jos in sun kai matakin ganin marasa lafiya, akwai kuma Jami'ar Tarayya da ke garin Lafiya, wadda asibitin ƙwararru na Dalhatu Araf ya koma asibitin koyarwarta. Ko ina ya faɗa, tsarin kusan ɗaya ne: shekara shida a takarda, sai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sai bautar ƙasa.

Abin da ya fara tararwa a aji ɗaya shi ne babu asibiti, babu majinyaci, babu ko ƙashi. Fiziks ne da kemistiri da bayoloji da lissafi da Ingilishi, wato darussan da ya yi zaton ya yi sallama da su ranar da ya fito daga ɗakin jarrabawar JAMB. Zauren lacca cike yake da ɗaruruwan ɗalibai, na haɗa magunguna da na jinya da na sauran sassan kimiyya, kuma wanda bai yi sammako ba sai ya saurari malami ta taga. Da yawa suna ɗaukar wannan shekara a matsayin hutun gajiya. A nan ake yi musu sakiyar da ba ruwa, domin shekarar tankaɗe da rairaya ce. Hukumar Kula da Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin ɗaliban da za ta horar, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da gadajen asibitinta. Jami'ar da ta kwashi fiye da gurbinta dole ta zubar da wasu a hanya, in kuwa ba ta zubar ba, abin ya fashe a ƙarshe, kamar yadda ya faru da ɗaliban likitancin haƙori na Jami'ar Kalaba a 2025. Wanda bai kai makin da aka yanka ba sai a tura shi wani sashe, ilimin ƙananan halittu ko na tsirrai. Shi ya sani, iyayensa watakila sun sani, amma a bakin titin Garaku har yanzu "Likita" ne.

Akwai kuma wani duka da ba a rubuta shi a kowace manhaja ba. Duk wanda ke cikin ajin nan shi ne na ɗaya a makarantar da ya fito. Zakaran da ya saba cara shi kaɗai a gidansu ya wayi gari a kasuwar zakaru. Yaron da bai taɓa ganin ƙasa da 80 a takardarsa ba ya karɓi 46 a gwajin farko, kuma a makarantar likitanci 50 ne makin tsira, ba 40 ba kamar yadda yake a yawancin sassan jami'a.

Masu sana'ar dai ba sa ƙirga aji ɗaya. A wurinsu shekarar farko ta gaskiya ita ce aji biyu, ranar da aka buɗe ƙofar ɗakin fiɗa.

Wari ne ke fara yi wa mutum maraba. Fomalin, ruwan da ake jiƙa gawa da shi don kada ta ruɓe, yana sa ido hawaye, yana ƙona hanci da maƙogwaro, yana bin riga har ɗakin kwana. Gawar, wadda ɗalibai ke kira kadaba, ba ta kama da mamacin da aka sani a gida ba. Ta yi duhu, ta sandare, fatarta kamar ƙirgi. A littafin zane na Netter hanyar jinin da ke fitowa daga zuciya ja ce, mai komawa shuɗiya, wayar saƙon ƙwaƙwalwa rawaya, kowacce da kibiya tana nuna sunanta. A kan tebur duk launinsu ɗaya, kuma jikin wannan mutum bai yi alkawarin bin littafi ba. Ɗalibai sun yi wa tebur ɗaya zobe, na gaba biyu ko uku suna riƙe da wuƙa da hantsaki, na baya suna ɗage suna leƙe ta kafaɗa. A 2023 gwamnatin tarayya ta sanar da ninka guraben karatun likitanci daga 5,000 zuwa 10,000. Ninka adadi a takarda ba wuya. Teburan fiɗa da malaman da ke tsayawa a kansu ba sa ninkuwa da sanarwa.

Wasu suna fita su yi amai. Wasu suna kwana biyu ba su iya kallon tsire ba. Akwai masu mafarki. Amma abin da ya fi damun ɗan ƙasar nan ba ƙyama ba ce, tarbiyya ce. Ya tashi inda mamaci ake yi wa wanka, a suturta shi, a sallace shi, a kai shi makwancinsa kafin rana ta faɗi, inda ko yara ba a bari su tsaya kallo. Ɗan uwansa Kirista, Mada ne ko Eggon ko Gwandara, shi ma da girmama gawa ya tashi. Musulmin cikinsu ya san hadisin da ya daidaita karya ƙashin mamaci da karya shi yana raye, ga shi yau an miƙa masa zarto. Malamai sun daɗe da duba wannan mas'ala. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1987 cewa fiɗar gawa don koyon likitanci ta halatta bisa sharuɗɗa, daga ciki har da tsayawa gwargwadon buƙata da binne dukkan sassan jikin bayan an gama. Minti goma sun isa a faɗa wa ɗalibi wannan kafin ya shiga. Sau da yawa shi kaɗai ake bari da tambayarsa, ya yi ta juya ta a kan katifa.

Tambaya ta biyu ta fi ta farko ɗaci: wane ne wannan? Dokar da ke kula da fiɗar gawa a Nijeriya ta 1933 ce, ta zamanin Turawa. Ba mu da al'adar mutum ya yi wasiyya a ba makaranta jikinsa, don haka gawarwakin da ba a zo nema ba a ɗakunan ajiye gawa su ake kaiwa. Wani bincike da mujallar Clinical Anatomy ta buga a 2011 ya gano cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na gawarwakin da ake amfani da su a makarantun da aka duba, na mutanen da aka harbe ne bisa zargin aikata laifi. A 2021 BBC ta ba da labarin wani ɗalibi a Kalaba da ya yaye mayafi ya tarar da abokinsa. A ƙasar Tailan "babban malami" ake kiran gawar, ana sanar da ɗalibai sunan mai ita, kuma su ne ke raka ta ranar da za a sallame ta. Mu a nan, cikin mako uku yaron da ya yi amai ya koma yana raha a kan tebur. Ba rashin imani ba ne, garkuwa ce. Sai dai ina ganin a nan ne ake fara koyon wannan kallon da majinyata ke kuka da shi daga baya, kallon da ke ganin "gado na shida" maimakon mutum.

Sai harshe. Bahaushe yana da kalma ɗaya, jijiya. Da ita yake kiran hanyar jini mai fita daga zuciya, da mai komawa, da wayar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa, da igiyar da ta ɗaure tsoka da ƙashi. Ilimin ƙirar jiki ya raba su huɗu, kowacce da ɗaruruwan 'ya'ya, kowane ɗa da sunan Latin ko Girkanci. Ƙasusuwan baligi 206 ne, kuma sanin sunansu shi ne mafi sauƙi, domin kowane ƙashi yana da tudu da kwari da rami, kowanne da abin da ya manne ko ya ratsa ta wurin. Ɗauki saƙar jijiyoyin da ke sarrafa hannu: saiwa biyar ne ke fitowa daga laka a wuya, su haɗu su zama kututture uku, su rabu shida, su sake ƙulluwa uku, sannan su fitar da manyan rassa biyar. Ɗalibi zai zana wannan sau hamsin yana tsinuwa a zuci. Abin da ba a cika haɗa masa da shi da wuri ba shi ne, wannan saƙar ce ke tsinkewa idan ɗan acaɓa ya faɗi a kan kafaɗa hannunsa ya shanye, ita ce ke jin rauni idan kafaɗar jariri ta maƙale wajen haihuwa aka ja da ƙarfi. Ya ga irin waɗannan mutane a Garaku tun yana ƙarami. Bai san su yake zanawa ba.

Yawan karatun shi ke karya dabarar da ta kawo shi nan. A sakandare ya saba karanta littafi sau uku daren jarrabawa ya kwashe maki. Yanzu ga anatomi, wato ilimin ƙirar jikin nan, ga fisiyoloji, wato ilimin yadda gaɓoɓi ke aiki, ga bayokemistiri mai bin diddigin abin da loma ɗaya ta tuwo ke zama a cikin ƙwayar halitta. Littafin fisiyoloji na Guyton kaɗai ya haura shafi dubu. Ya kwana a aji yana ja wa layuka jan biro, bayan kwana huɗu ya duba kansa ya ga wayam, sai ya fara zargin ƙwaƙwalwarsa ko ma ya zargi wani a ƙauye.

Ba kowa ya yi masa komai ba. Tun 1885 Bajamushe Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa mafi yawan abin da mutum ya haddace yana zubewa ne a sa'o'i da kwanakin farko, kuma maimaitawa a rarrabe ita ke rage zubar. A 2008 Karpicke da Roediger suka buga a mujallar Science cewa rufe littafi ka tilasta wa kanka tunowa ya fi sake karantawa tasiri nesa ba kusa ba. Manhajar Anki da ɗaliban likitanci ke sawa a wayoyinsu a kan wannan aka gina ta. Abin dariyar shi ne duk wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san wannan da jikinsa. Ba a wanke allo sai ka biya wa malam ba ka duba ba. Ba a barin na baya, kullum sai an yi tishi, gardi kuma yana zaga tilawarsa ne don kada ta kuɓuce. Yaron yana da makamin tun yana ɗan shekara bakwai, ya ajiye shi a ƙofar makarantar boko don ya ɗauka ba nan ne wurinsa ba.

Amma hadda tana da iyaka. Tana iya fitar da mutum a anatomi, ba ta fitar da shi a fisiyoloji. Idan mai jarrabawar baka ya ce mace ta zubar da jini bayan haihuwa, me ya sa zuciyarta ke gudu, me ya sa tafin hannunta ya yi sanyi, me ya sa fitsari ya ɗauke, ba shafi ake nema ba. Ana son a ga ko ɗalibi ya gane cewa jiki yana tsuke hanyoyin jinin fata da na ƙoda ne don ya tanada wa ƙwaƙwalwa da zuciya ɗan abin da ya rage.

Jarrabawar kanta sabon abu ce. Akwai wadda ake jera tebura, a kowanne an soka allura ko an ɗaura zare a wani sashe na gawa ko ƙashi, ka rubuta sunansa kafin ƙararrawa ta kaɗa ka matsa gaba, ko ka gane ko ba ka gane ba. A makarantu da yawa amsar kuskure a tambayoyin "gaskiya ko ƙarya" tana cin makin amsar daidai, don a hana canki-canki. Bayan kamar shekara ɗaya da rabi sai babbar jarrabawar da aka fi sani da MB ta biyu. Ƙa'ida ta ɗan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma hanyar ɗaya ce: wanda ya faɗi ya sake zama, in ya sake faɗuwa ya maimaita aji, in abin ya ƙi a sallame shi.

Me ya sa ake ɓoye wa mai son zama likita majinyaci har shekara uku? Gado ne. Tsarin ya zo mana daga Ingila ta Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948, wadda digirin Jami'ar Landan take bayarwa a lokacin, daga nan ya bazu har Zariya, inda aka buɗe tsangayar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello a 1967. A Amurka ma rahoton Abraham Flexner na 1910 ya kafa wannan rabo: kimiyya tukuna, asibiti daga baya. Hujjar tana da ƙarfi, don ba a son wanda bai san inda jijiya ta bi ba ya kusanci mai rai da wuƙa. Sai dai waɗanda suka ba mu tsarin sun daɗe da gyara nasu. A 1993 hukumar likitocin Birtaniya ta nemi a rage tulin haddar da ake ɗora wa ɗalibi, a kuma haɗa shi da marasa lafiya da wuri. A gida ma akwai misali: Jami'ar Ilorin ta daɗe tana tura ɗalibanta ƙauyuka tun a shekarunsu na farko, su zauna da mutane su ga rijiyar da ake sha da cutar da ke damunsu. Ban ga abin da zai hana ɗan aji biyu daga Kokona ya yi mako biyu na hutunsa a babban asibitin Garaku ba, da izini, ba don ya taɓa kowa ba, don dai ya zauna kusa da ma'aikaciyar jinya ya ga abin da zanensa ke nufi.

Kuɗi da yajin aiki kowa ya san su. Farar riga, kayan fiɗa, littattafan da yawanci a waya ake karanta su don tsada, da neman inda akwai wuta da dare. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024 yana ba ɗaliban makarantun gwamnati naira 20,000 a wata na kashewa, wanda ya san farashin mudun shinkafa ya yi lissafi. Yajin aikin malaman jami'a na ASUU ya ci kusan wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022. Shi ya sa ɗalibai ke cewa karatunsu shekara shida ne da abin da Allah ya ƙara.

Wanda ba a faɗa shi ne na zuci. Wani nazari da mujallar JAMA ta buga a 2016, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe fiye da 40, ya nuna kusan kashi 27 cikin 100 na ɗaliban likitanci suna da alamun ciwon damuwa, kusan kashi 11 sun taɓa tunanin kashe kansu, kuma cikin masu alamun, waɗanda suka nemi magani ba su kai kashi 16 ba. Ɗan likitan da ya tashi a Abuja in ya ci 46 zai kira gida, uban ya yi dariya ya ce shi 38 ya ci a nasa gwajin farko. Ɗan Garaku wa zai kira? Arewa gaba ɗaya ba ta daɗe da fara haihuwar likitoci ba. Na farkonta, Dakta Barau Dikko na Wusasa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, sai da ya je Birmingham, kuma har yau gidaje da yawa ɗansu na farko ke nan a wannan hanya. Uban da ya sayar da doya ko buhunan masara ya biya kuɗin rajista in ya kira, tambayarsa ɗaya ce: "Likita, ya karatu?" Amsar ma ɗaya ce: "Alhamdu lillahi, Baba." Sunan da aka ba shi don ƙarfafa gwiwa shi ya toshe masa baki. Da iyaye za su riƙa tambayar ko yana barci, ko yana cin abinci, ko akwai darasin da ya gagare shi, su kuma nuna masa cewa sake zama jarrabawa ba abin kunya ba ne, da an rage masu ɓoye takardar sallama shekara guda suna zaune a ɗakin aboki.

Hutun Sallah ko na Kirsimeti ya zo, ya sauka a tasha da jaka da ramar da kowa zai ce ta karatu ce. Kafin ya gama cin tuwo gwaggonsa ta shigo da leda: katin asibiti, hoton ƙirji, da ragowar ƙwayoyi a ƙulle. Ƙafarta ke kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta. Ya san sunan ɗakuna huɗu na zuciya, ya riƙe zuciyar mutum a hannunsa, yana iya zana hanyar da jini ke bi daga huhu ido rufe. Bai taɓa auna hawan jinin majinyaci ba. Ya ɗaga hoton ya duba ta hasken ƙofa, tsakar gida ta yi tsit ana jiransa.

"Gwaggo, ba mu kai nan ba tukuna," in ji shi. "Ki shirya da sassafe, ni zan raka ki Keffi."